Daron da Safinatu Ta Zaɓa

"Ni dai ina raye, ba ki shiga gidan telan ga da sunan aure."

Goggo Altine ce ta faɗi haka, tana zaune a kan tabarma a tsakar gidan ƙaninta Malam Sama'ila a Boɗinga. Ko mayafinta ba ta cire ba. Safinatu na durƙushe a gabanta da ƙwaryar ruwan sha, ta kasa miƙawa, ta kasa ajiyewa.

A wancan zamani Turawa ke mulki, Boɗinga kuma ƙaramin gari ne wanda kowa ya san akuyar kowa. In lori ta biyo daga Sakkwato, har manya sukan leƙo su kalla. Masu keken ɗinki a garin kaɗan ne, kuma Maniru ne ƙaraminsu. Tsakaninsa da Safinatu magana ta yi nisa, manya sun sani, Malam Sama'ila ma ya yarda. Sai dai tun ranar da mahaifiyar Safinatu ta rasu, Goggo Altine ce ta ɗauke ta ta goya, ta raine ta a Shagari har ta yi wayo. Don haka Malam ya yi alkawari ba zai ba da ita ga kowa ba sai da yardar yayarsa.

Matsalar ita ce gidan Maniru. Da aka raba gadon uban Maniru, wani siririn fili ya samu a bayan kasuwa. Ya gina zaure inda yake ɗinki, da ɗaki guda, da 'yar madafa. Tsakaninsu lungu ne kawai, wanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Babu rijiya, babu tsakar gida, babu inda mace za ta zauna ta yi wanki.

"Na tahi na gani da idona," in ji Goggo. "Madafa kamar akurkin kaji. In tambaye ki, ina za ki yi wanki? Ina za ki zuba ruwan?"

"Goggo, ya ce akwai kusurwa cikin madafar…"

"Cikin madafar! Ki ji min yarinya. Nan murhu, nan daro, nan bango shina shan ruwa. Ba da ni ba."

"Yaya," Malam Sama'ila ya ce a hankali daga ƙofar ɗakinsa, "yaron ga mai hankali na. Ga sana'a a hannunai."

"Ban ce shi ɓarawo na ba, Sama'ila. Gidanai nika magana. Ga Ɗanbaba can Shagari, tun da matatai ta rasu bai sake aure ba. Albasa lori-lori yaka turawa Kurmi. Rijiya tsakar gidanai, da mata masu yi mishi wankau. Ɗiyar ga ko sabulu ba ta taɓawa. Mi kuka nema wanda ya wuce wannan?"

Hawayen Safinatu ya ɗiga cikin ƙwaryar.

"Goggo, ni ban tsoron wanki."

"Ni ina tsoronai," in ji Goggo, da wata irin murya da Safinatu ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Sai ta yi maza ta gyara zama. "Ki haɗa kayanki, gobe mu tahi Shagari. Kayan ɗakinki sun kusa cika, na wanki sunka rage. Ko wa za ki aura sai an saye su."

Bayan la'asar Maniru ya zo zance, ya jingine kekensa na hawa a bakin zaure. Keken nan duk Boɗinga an san shi, don kullum a goge yake, har da 'yar tuta da ya ɗinka masa. Yana ganin idanun Safinatu ya san babu lafiya.

Ta faɗa masa komai, tana wasa da gefen mayafinta.

"To ke mi kika ce?" ya tambaya.

"Mi zan ce, Tela? Ita ta goya ni. Bakina bai iya yi mata musu."

Maniru ya sa hannu a aljihu ya ciro wani siririn ƙyalle, irin ragowar ɗinki.

"Amarya ba ta ganin gidanta kahin a kai ta, na sani. Shi ya sa na auno miki. Wanga shi na faɗin kusurwar, daga bango zuwa gindin murhu. Iyakar abin da nika da shi ke nan, Safinatu. Ba ni ƙara ko ɗan yatsa in yi miki ƙarya. In ya yi miki kaɗan, wallahi ba ni riƙe ki a raina."

Ta karɓa, ta naɗe shi a yatsanta.

"In ya yi min kaɗan zan faɗa maka," ta ce. "Amma ka bari ni in faɗa. Kada ka ji a bakin wani."

*

Har ta tsufa, in Safinatu ta ji ƙanshin sabulun salo, kasuwar Shagari ta wancan lokaci take tunawa. Jakuna ɗaure a gindin itatuwa, Fulani mata da ƙoren nono a jere, tarin albasa har ƙugun mutum, mahauta na kirari. A can gefe kuwa rumfar Kande mai kwanuka, wadda ke sarin kaya daga kantunan Turawa a Sakkwato. Kayanta in rana ta haske su sai ido ya kasa kallo.

"Maraba da Inna Altine! Amaryarmu ta wagga? Tubarkalla!" in ji Kande, tana shimfiɗa musu tabarma.

"Kayan wanki muka so," in ji Goggo. "Ki fito da na kirki."

Kande ta jawo wata ƙatuwar fanteka mai zanen furanni, wadda yaro zai iya kwanciya a ciki. Ta jawo dutsen guga mai zakara a ka, wanda da ƙyar ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Ta jera bokitai, da bula, da sabulu mai sanda.

"Wagga fanteka, Inna, babbar riga biyu taka ci da zanen gado, ruwa bai zuba."

"Ita nika so," in ji Goggo.

Ana cikin haka sai ga ƙanshin turare. Ɗanbaba ne, cikin riga mai aska, an yi mata bugu tana walƙiya. Mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin ya zalunci kowa ba, sai dai bai saba a ce masa a'a ba. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ya dubi Safinatu ya yi murmushi.

"Inna, don Allah ku bar min wanga. Kande, ki ware fantekar da babban dutsen, a kai gidan Inna. Ko da yake," ya yi dariya, "a gidana ado kawai za su zama. Hannun ga ba na wanki ba na."

Mutanen rumfunan kusa suka fara juyowa. Kowa ya san abin da karɓar kyautar take nufi.

Safinatu ta dubi Goggo, Goggo ta kawar da kai. Sai ta kwance ƙyallen daga yatsanta, ta matsa, ta shimfiɗa shi a bakin fantekar. Bai kai ko rabi da kwata ba.

Ta matsa ga wani daro matsakaici, fari mai bakin shuɗi. Ta aza ƙyallen. Ya rufe bakin daron, har da ɗan saura.

"Wanga nika so," ta ce, ba ta ɗaga kai ba.

"Haba ɗiyata, wanga ai na wankin kayan jinjiri na," in ji Kande.

"In na yi sau biyu ya ishe ni. Ki ba ni da ƙaninsa wanda ka shiga cikinai, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Ga huda a bakinsu, in na ƙare sai in rataye ga bango." Ta nuna wani ƙaramin dutsen guga a ƙarshen layi. "Da wancan. Garwashin tuwon dare ya ishe shi, ba sai an hura wuta daban ba. Bokitin kuma mai marhi, don kada toka ta faɗa ruwan."

Murmushin Ɗanbaba ya ɓace.

"Ƙyallen mi na wanga?" ya tambaya.

Ta ɗauke ƙyallen, ta maida shi yatsanta.

"Na tela na, ko?" Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Safinatu, ban zo in tilasta ki ba. Amma ki sani, so bai hana bayan mace ciwo. Ina nan har ki gama tunani." Ya juya ga Goggo. "Inna, maganata tana nan. Zan aiko da manya Boɗinga."

Da Safinatu ta waiwaya, Goggo ta riga ta tashi. Tana can tana kutsawa cikin mutane, ko sallama ba ta yi wa Kande ba.

Ta karɓi darukan bashi ta bi ta gida. A ɗaki ta same ta, zaune a bakin gado, ta rufe fuska da mayafi. Safinatu ta ajiye darukan a ƙofa, ta rarrafa ta kama ƙafafunta.

"Goggo ki yafe min. Ki buge ni in kina so, amma kada ki yi min shiru."

"Kin kunyata ni cikin kasuwa."

"Wallahi ba nufina ba na. In na karɓi fantekar ga, na karɓi aurenai. Goggo, ke kika koya min kada in ci abin wanda ban so."

Goggo ta yaye mayafin. Fuskarta jiƙe take sharkaf.

"Kina tsammani dukiyar Ɗanbaba nika kwaɗai? Ni? Zauna ki ji. Kin san ban da ɗa a duniya sai ke. Amma an taɓa faɗa miki na haihu?"

Safinatu ta girgiza kai.

"Na haihu. Sunanta Hajjo. Aurena na fari a Dingyaɗi anka yi shi, gida ƙunci kamar na telanki. Mijina mai kulle na, ban hita, wurin wanki kuma babu, sai gindin bangon madafa. Kullum ruwa shina kwanciya nan, ƙasa tana sha, ba wanda ya kula. Hajjo ta fara zama, ga ta da dariya, haƙora biyu a ƙasa. Ranar nan damina ta yi nisa, an kwana ana ruwa, da hantsi rana ta hito. Na shimfiɗa mata zane a inuwar bangon, na juya in ɗauko itace…"

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ko ƙarar faɗuwar bangon ban ji ba sosai. Kamar an sauke buhu. Da hannuna na tona, Safinatu. Da hannun ga."

Safinatu ta fashe da kuka, ta kifa kanta a cinyar Goggo.

"Daga ita ban sake samu ba, sai da Allah ya ba ni ke. Shekaran jiya da na shiga madafar yaron ga, na ga kusurwar da yaka nuna min da murna, ƙafafuna sunka kasa ɗaukata. Bangon nan nig gani. Yanzu ki faɗa min, in kai ki da hannuna?"

"A'a, Goggo," in ji Safinatu cikin kuka. "Ba ki kai ni ba. Na haƙura."

*

Da ta koma Boɗinga, ita da kanta ta faɗa wa Maniru, kamar yadda ta yi alkawari. Ta ba shi labarin Hajjo, ta ce ba za ta iya sa tsohuwar nan ta kwana da fargaba har ƙarshen ranta ba. Ya saurara har ta gama, idanunsa sun yi ja. Bai roƙe ta ba, bai yi mata gardama ba.

"Allah shi jiƙan Hajjo," kawai ya ce. Ya ja kekensa ya tafi, bai ko hau ba.

Washegari zaurensa a rufe. Kasuwa ta ci ta watse, a rufe. Masu ɗinki suka gaji da zarya. Aka fara cewa tela ya bar gari don baƙin ciki. Wani ya ce ya ga kekensa a Sakkwato a ƙarƙashin wani ɗan kasuwa, har da tutar.

Safinatu ta rame. Darukan nan suna jingine a bayan ƙofa, ko kallonsu ba ta iya yi. Manyan Ɗanbaba suka zo da goro, Malam Sama'ila ya ce su ba shi lokaci yayarsa ta iso. Ya aika Shagari, Goggo ta zo da safiyar wata Alhamis don a yanke magana.

Ba ta gama shan fura ba aka yi sallama a ƙofa.

Maniru ne, a ƙasa. Ya yi baƙi, ya faɗa, hannuwansa duk sun tsage sun yi fari. Malam ya shigo da shi zaure, Goggo ta fito. Safinatu ta maƙale a bayan asabari.

Ya zube a gaban Goggo.

"Goggo, ban zo jayayya ba. Alfarma guda nika roƙo. Ki taka ki sake duba madafar ga sau ɗaya. In kin ce a'a, na rantse ba ni sake tako ƙofar gidan ga."

"Mi za ni gani wanda ban gani ba?"

"Yaya, mu tahi," in ji Malam Sama'ila. "Ba a hana mai roƙo kallo ɗaya."

Suka tafi su uku, suka bar Safinatu a gida.

Madafar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Amma kusurwar ta sauya. An haƙe gindin bangon an jera jan dutse har gwiwar mutum, an shafe da siminti, abin da a lokacin sai a gidajen gwamnati ake gani. Ƙasan ma siminti ne, an yi masa ɗan baki kewaye, an karkata shi zuwa wata huda. A sama ga turaku biyu na rataye daro, ga igiyar shanya an ja ta tsawon lungun.

"Na sai da keken," in ji Maniru, kansa a ƙasa. "Na tahi Sakkwato na yi lebura wurin magina, don in ga yadda suka yi. Da jaki na kawo simintin. Ruwan ta bututu yaka bi ƙarƙashin ƙasa, shi faɗa wani rami da na cika da tsakuwa, can nesa da bango."

Goggo ta dubi tulun da ke gefe.

"Miƙo min."

Ta tuttule shi gaba ɗaya a kusurwar. Ruwan ya yi juyi, ya bi hudar, ya ɓace. Ta fita da sauri, ta zagaya bayan gidan, su Malam na biye. Ta durƙusa ta shafa gindin bangon da tafin hannu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A bushe. Ta kai kunnenta bakin ramin, ta ji ruwa na tsiyaya a cikin tsakuwa.

"Ƙaro wani."

Ya ruga maƙwabta ya aro. Ta sake zubawa, ta sake zagayawa, ta sake shafawa. Sannan ta dawo cikin madafar ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafa jan dutsen nan, ta yi kuka irin wanda Malam Sama'ila bai ga ta yi ba tun suna matasa. Su biyun suka fita lungu suka ba ta wuri.

Can ta kira, "Tela."

"Na'am, Goggo."

"Kowace shekara, kahin ruwan fari, ka yi wa bangon ga yaɓe. Ka rantse."

"Na rantse da Allah, Goggo."

"In Allah ya ba ku ƙaruwa, ba a shimfiɗa min jika a gindin bango. Ko wane bango."

"Ba a yi, Goggo." Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Ta miƙa wa ƙaninta hannu ya tashe ta.

"Sama'ila, ka maida wa Ɗanbaba goronai, da girma da arziki. Mutumin kirki na, kada a wulaƙanta shi. Ni da kaina zan ba shi haƙuri."

Da suka dawo, Safinatu tana tsakar gida tana jira. Da ta ga idanun Goggo sun kumbura, sai ta ɗauka an gama. Goggo ta wuce ta, ta zauna a kan tabarma, ta ɗauki furarta ta kurɓa.

"Ke, ina darukan da kika kunyata ni a kansu?"

"Suna bayan ƙofa, Goggo."

"To ki hito da su ki goge. Ba a kai amarya da kaya masu ƙura."

Safinatu ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa mata kai yana murmushi. Sai ta yi tsalle ta faɗa jikin Goggo, tana kuka tana dariya, tana kiran sunan Allah, furar ta kife a kan tabarma.

"Kai, ɗaga ni!" in ji Goggo, tana ture ta da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya riƙe ta gam. "Dubi yadda kika ɓata min zane da hawaye da hura. To tashi, ke za ki wanke shi."